Likita Ya Amsa: Ƙarin Kogon Hanci da Ke Dawowa Bayan Tiyata

Wasiƙu uku ne a gabanmu a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan ƙari ne da ke fitowa a cikin hanci ko a kogwannin da ke kewaye da shi, irin wanda likitoci ke cewa ba na daji ba ne. Na ba wasiƙar farko fili mafi yawa, domin matsalar da ta taɓo ita ce ta fi jefa marasa lafiya cikin wahalar da za a iya kauce mata.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Likita. Maigidana yana da shekara 56, kuma ya shafe fiye da shekara 30 yana sana'ar walda. Shekara huɗu da suka wuce hancinsa na hagu ya toshe, aka yi ta ba shi maganin mura babu sauƙi, daga bisani aka yi masa aiki aka cire wani nama. An ce mana tsiron hanci ne irin wanda aka saba gani, kuma ba a kai naman gwaji ba. Bayan shekara uku toshewar ta dawo, wannan karon har da ɗigon jini idan ya fyace majina. A wani asibitin aka yanki naman aka gwada, aka ce papiloma ce mai tsirowa ciki, aka kuma tabbatar mana ba ciwon daji ba ne. An sake yi masa aiki wata takwas da suka wuce, yanzu alhamdulillahi yana numfashi sarai. Likitan ya ce ya riƙa zuwa duk bayan wata uku a leƙa hancin, ya kuma rubuta masa hoton em-ar-ai, amma shi ya ce ya warke, har ya tsallake ganin likita sau biyu. Tunda ba daji ba ne, me ya sa ya dawo? Zai iya rikiɗewa ya zama daji? Babu gwajin jini da zai hutar da shi wannan zirga-zirga?

Daga wata mai karatu

Amsa

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa. Gaskiya tana tare da likitansa, kuma ina fata bayan kin karanta masa wannan amsa zai koma asibiti ba tare da jiran wa'adi na gaba ba.

A cikin ƙasusuwan fuskar kowane mutum akwai kogwanni masu iska, huɗu a dama huɗu a hagu: na kunci, wanda shi ne mafi girma, da na goshi, da ƙananan ɗakunan da ke tsakanin idanu, da wani can ciki a bayan hanci, daf da ƙasan ƙwaƙwalwa. Dukkansu an shimfiɗe su da tantani mai laushi irin na cikin hanci, kuma daga wannan tantani ne ƙarin Malam ya taso. Yawancin tsiron jiki waje yake turowa, amma wannan, idan aka duba shi a ƙarƙashin madubin gwaji, sai a ga fatarsa tana lanƙwasawa tana kutsawa cikin naman da ke ƙarƙashinta, kuma daga nan sunan nan na papiloma mai tsirowa ciki ya samo asali. Wani masanin cututtuka ɗan ƙasar Siwidin mai suna Nils Ringertz ne ya fayyace wannan siffa a 1938. Ciwo ne da ba a cika gani ba, domin a cikin mutum 100,000 da wuya a sami fiye da ɗaya ko biyu a shekara. Ya fi kama maza, kuma ya fi bayyana tsakanin shekara 40 zuwa 70. Bincike ya danganta shi da daɗewa ana shaƙar hayaƙin walda da tururin sinadaran narkar da fenti, abin da ya sa sana'ar Malam ta ja hankalina tun a layin farko na wasiƙarki.

Abin da ya faru a aikin farko kuskure ne da ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin ana yawan yin sa. Tsiron hanci na yau da kullum, wanda kumburi ko borin jini ke kawowa, yawanci ɓangare biyu yake kamawa, fari-fari ne, sumul, yana sheƙi kamar an cika shi da ruwa. Papiloma kuwa ɓangare ɗaya take kamawa, ta fi tauri, tana da gurji-gurji, launinta ja-ja ko toka-toka, kuma ba ta da wuyar zubar da jini idan an taɓa ta. Matsalar ita ce sau da yawa tsiro na yau da kullum yakan fito a gabanta ya rufe ta, sai mai dubawa ya ga na gaba ya zaci shi ke nan. Shi ya sa ƙa'idar da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suka tsaya a kai ita ce duk toshewar da ta maƙale a hanci ɗaya na tsawon makonni, musamman ga babba, ba a ɗaukar ta mura sai an leƙa an gani, kuma duk naman da aka ciro daga ɓangare ɗaya tilas ne a kai shi ɗakin gwaji, komai kamanninsa da tsiron da aka sani. Da an yi haka shekara huɗu da suka wuce, da tun a lokacin aka san abin da ake fama da shi.

Game da dawowarsa, a mafi yawan lokuta ba sabon ƙari ne ya tsiro ba, ragowar na farko ne ya girma. Komai girman papiloma, ko da ta cika kogon kunci ta zubo cikin hanci, yawanci wurin da take manne da bango ƙarami ne, wani lokaci bai kai faɗin farce ba, sauran jikin kuwa reto yake yi a cikin kogon. A wannan ɗan wuri ƙwayoyinta suna shiga cikin ƙananan tsagogin ƙashi su maƙale. Wanda ya cire jikin ya bar gindin tamkar wanda ya sare ciyawa ne ya bar saiwarta a ƙasa. Saboda haka aikin da ake yi a yau neman gindin yake, a kankare tantanin da ke wurin da na kewayensa, sannan a goge fuskar ƙashin da ɗan injin gurza ko a cire shi idan wurin ya ba da dama. Ko da an yi aikin yadda ya kamata, rahotannin asibitoci da yawa suna nuna cewa yana dawowa ga kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuma wanda ya taɓa dawo masa, kamar Malam, ya fi wanda aka yi wa aiki karo na farko fuskantar wannan haɗari, domin tabon aikin baya yana ɓoye iyakokin ciwon.

A nan ne hotuna suke shigowa, kuma kowane da aikinsa. Hoton si-ti gwanin nuna ƙashi ne. Yana nuna inda ƙarin ya tura bango ko ya cinye shi, kuma sau da yawa yana nuna wani ɗan kauri da ƙashi ya yi a wuri guda, kamar ƙaramin tudu, wanda ƙwararren likita ke karantawa a matsayin alamar gindin tun kafin ya sa wuƙa. Rauninsa shi ne ba ya iya bambance ƙari da majinar da ta taru a bayansa, duka toka-toka suke fitowa. Hoton em-ar-ai, wanda ke aiki da maganaɗisu, shi ke raba su, kuma a cikinsa papiloma tana da wani zane na layuka masu lanƙwasa kamar ninkin ƙwaƙwalwa. Idan aka ga wani sashe na ƙarin ya rasa wannan zane, ko ya fasa ƙashi ya doshi ido ko ƙwaƙwalwa, sai zargin rikiɗewa ya ƙaru. Da waɗannan hotuna ake sanya ciwon a mataki, kuma ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne na likitan Amurka John Krouse, wanda ya fitar a shekarar 2000, mai matakai huɗu, daga wanda bai wuce cikin hanci ba zuwa wanda ya fita daga kogwannin ko yake ɗauke da daji. Amma hoto, komai kyansa, zato mai ƙarfi kawai yake bayarwa. Tabbaci yana hannun likitan da ke duba nama a ƙarƙashin madubi.

Tambayarki a kan daji ta cancanci amsa ba tare da kwana-kwana ba. E, yana iya faruwa, amma ga kaɗan. Alƙaluman da aka fi ambata suna tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, kuma a cikin waɗannan ma mafi yawa ana samun dajin ne tare da papilomar a ranar da aka cire ta, waɗanda ya bayyana musu daga baya su ne marasa rinjaye. Wannan labari ne mai daɗi ga Malam idan an gwada dukkan naman da aka ciro a aiki na biyu, ba ɗan guntun da aka yanka kafin aikin kaɗai ba, domin guntu ɗaya yana iya kuskure wurin da ya lalace. Ki nemi takardar sakamakon gwajin bayan tiyata, ki tambayi likita ko an ga alamun ƙwayoyin sun fara sauya kama, domin wannan yana daga cikin abubuwan da ke sa a matse lokacin dubawa.

Yanzu ga hujjar Malam, wato cewa ba ya jin komai. Ina fahimtarsa, amma jin daɗin numfashi ba shaida ba ce a wannan ciwo. Aikin da aka yi masa ya faɗaɗa cikin hancin, ya buɗe kogon ya zama fili, don haka ƙarin da ya fara dawowa yana da sararin da zai girma watanni, wani lokaci shekaru, kafin ya toshe hanyar iska. Ranar da mutum ya ji toshewa, ƙarin ya riga ya yi nisa. Ƙarin da aka gano tun yana kamar ƙwayar wake, ana iya cire shi da ƙaramin aiki ta cikin hanci. Wanda aka bari ya kai bangon ido ko rufin hanci kuwa babban aiki yake bukata, da haɗarin da ke tattare da shi.

Dubawar kanta ba abin tsoro ba ce. Mutum yana zaune a kujera, a fesa masa maganin da ke kashe zafi da rage kumburi, a jira ƴan mintoci, sannan likita ya zura siririn madubi mai fitila da kyamara, wanda kaurinsa bai wuce milimita 4 ba. A kan allo yana ganin kogon duka, yana share ɓawo da busasshiyar majina, yana kuma tsayawa ya ƙura ido a kan wurin da gindin yake a da. Lafiyayyen wuri sumul yake, ruwan hoda. Idan ya ga wani ɗan tudu mai gurji-gurji sai ya ɗauki guntu a gwada, domin a watannin farko naman warkewa ma yana iya yin kama da ƙari. Duka-duka ba ya wuce minti 10. Tsarin da aka saba bi shi ne duk wata uku ko huɗu a shekara ta farko da ta biyu, domin a nan ne mafi yawan dawowa ke faruwa, sai a koma wata shida-shida, sannan sau ɗaya a shekara. Mafi ƙarancin wa'adi shekara biyar ne, kuma da yake an sha ganin ya dawo bayan haka, likitoci da yawa, ni ma ina cikinsu, sun fi son a ci gaba da zuwa sau ɗaya a shekara har abin da hali ya yi.

Em-ar-ai ɗin da aka rubuta masa yana da dalili biyu. Akwai lunguna da madubi ba ya kaiwa, kamar bangon gaba na kogon kunci da can gefen kogon goshi, kuma hoton da aka ɗauka bayan kumburin aiki ya saɓe shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada na gaba da shi. Sai dai ga wani gargaɗi da ya shafi Malam musamman: lallai ya gaya wa masu ɗaukar hoton cewa shi mai walda ne, domin idan akwai ɗan ɓarɓashin ƙarfe da ya taɓa shiga idonsa ya zauna, maganaɗisun injin yana iya motsa shi ya yi ɓarna. Sukan ɗauki hoton idon tukuna su tabbatar. Haka nan mai na'urar daidaita bugun zuciya ko mai ciwon ƙoda ya faɗa tun kafin a shigar da shi injin ko a yi masa allurar da ke haska hoton.

Gwajin jini kuwa, akwai wani sinadari da aka lura yana hawa a jinin masu wannan ƙari yana kuma sauka bayan an cire shi, amma wasu cututtukan fata da huhu da ƙoda ma suna ɗaga shi, don haka bai maye gurbin madubi ba.

Abin da ke hannunku a gida shi ne wanke hanci da ruwan gishirin da likita ya rubuta, domin kogon da yake da tsabta ya fi sauƙin dubawa, da barin taba idan yana sha, tunda an danganta ta da dawowar ƙarin da kuma rikiɗewarsa, da sanya abin kare numfashi a wurin aiki. Ki tara masa takardun gwajin nama, da bayanin aikin da aka yi, da faya-fayan hotunan kansu, ba rahoton kaɗai ba, a wuri guda. Idan kuma kun ga jini yana yawan fita, ko kunci ya dushe ba ya jin taɓi, ko haƙoran sama sun fara girgiɗi, ko ido yana zubar da hawaye, ya turo, ko yana ganin abu biyu-biyu, kada ku jira ranar da aka ba shi.

Tambaya ta biyu

Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara 15 yana yawan haɓo mai yawa ta hanci ɗaya, har sau ɗaya aka yi masa ƙarin jini, kuma hancin a toshe yake. Likita ya leƙa ya ga wani jan nama, amma ya ƙi yanka a gwada, ya ce sai an yi hoto. Ba ɓata lokaci ba ne wannan?

Daga wani mahaifi

Amsa

Malam, Allah Ya ba yaro lafiya. Likitan nan ya yi daidai, kuma mai yiwuwa ya kare ɗanka daga babban haɗari. Namiji matashi, haɓo mai tsanani da ke maimaituwa, da toshewar hanci ɗaya, alamu ne da ke sa a zargi wani ƙari da ake kira anjiyofaibroma, wanda kusan samari kaɗai yake kamawa. Ba daji ba ne, amma cike yake da hanyoyin jini waɗanda ba su da isasshiyar tsokar da za ta matse su idan an yanke su, don haka ɗan yanka a ɗakin duba marasa lafiya yana iya ɓalle jinin da zai yi wuyar tsayarwa. Akwai ma wani dalili da ya sa ake gabatar da hoto a kan yanka ga duk naman da ba a san asalinsa ba a cikin hanci: wani lokaci abin da ake gani tantanin ƙwaƙwalwa ne ya zurmo ta wata ɓaraka a rufin hanci.

Wannan ƙari hoto ne ke gano shi. Yana tasowa daga wata ƴar kafa a can bayan bangon hanci inda jijiyar jini ke shigowa, kuma a si-ti akan ga ya faɗaɗa kafar ya tura bangon baya na kogon kunci gaba, a em-ar-ai kuma yana haskawa sosai bayan allura. Idan ya tabbata, akan bi ta jijiyar jini a toshe hanyoyin da ke ciyar da shi kwana ɗaya ko biyu kafin aiki, don a rage zubar jini. Shi ma idan ya dawo, yawanci ragowa ce da ta ɓuya a cikin ƙashin ƙasan ƙoƙon kai, a ƙarƙashin tantanin da ya warke sumul, inda madubi ba zai gan ta ba. Saboda haka a nan em-ar-ai ne ginshiƙin bibiya, ana ɗaukar na farko jim kaɗan bayan aiki, sannan a riƙa maimaitawa, musamman a shekara uku na farko. Idan aka ga ƙaramar ragowa da ba ta girma kuma ba ta damun yaro, sau da yawa ana zuba mata ido ne da hoto maimakon a sake buɗe shi, domin takan tsaya cik, wani lokaci ma ta ragu, idan ya fita daga shekarun balaga. Kafin ranar hoton, kada a ba shi asfirin ko danginta, kuma idan haɓo ya ƙi tsayawa bayan an matse hanci minti 15 yana zaune ya ɗan sunkuya, a garzaya da shi asibiti.

Tambaya ta uku

Likita, na yi hatsari aka ɗauki hoton kaina, sai aka ga wani ɗan ƙashi ya tsiro a kogon goshina. An ce ostiyoma ne, a bar shi. Hankalina bai kwanta ba.

Daga wani ɗalibi

Amsa

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Ostiyoma shi ne ƙarin da aka fi samu a kogwannin fuska, dunƙulen ƙashi ne mai tauri, ba ya zama daji, girmansa a hankali yake ƙwarai, kuma yawanci kamar yadda aka gano naka ake gano shi, ana neman wani abu daban. Kamanninsa a si-ti ya isa shaida, ba a bukatar yanka. Akan sake hoton bayan kimanin shekara guda a gwada girmansa da na farko, kuma ana cire shi ne kawai idan yana girma a fili, ko ya toshe magudanar kogon har majina tana taruwa, ko ya matsa wa ido. Abu ɗaya zan so ka bincika a gida: idan ostiyoman ya wuce ɗaya, ko kuma a danginku akwai waɗanda suka yi ciwon dajin hanji tun suna da ƙuruciya, ka gaya wa likita, domin akwai wata larurar gado da ake kira ciwon Gardner wadda ke haɗa tsiron ƙashi da tsiron cikin babban hanji, kuma mai ita yana bukatar a leƙa hanjinsa da wuri.